Gyara Ko Saye? Bin Sawun Ciwon Amfilifayar Hedfon a Situdiyo

A ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, irin waɗanda suka yi dandazo a Titin Gidan Zoo da lungunan da ke kewaye da shi, akwai wata 'yar na'ura da ba a cika kula da ita ba. Baƙo in ya shiga, idonsa kan fiyano yake sauka, da kwamfuta, da makirufon da aka killace a bayan gilashi. Ita kuwa tana can ƙarƙashin tebur cikin tarin wayoyi, wani lokaci ma an manne ta da salatif a jikin bango. Aikinta bai da yawa: ta karɓi sauti daga miksa ko saunkad, ta ƙara masa ƙarfi, ta raba wa kunnuwan mutum huɗu ko takwas, kowa da nasa bolum. Ita ce amfilifayar hedfon. Tana gidajen rediyo, tana ɗakunan da ake ɗora muryar Hausa kan finafinan Indiya, tana wurin masu naɗar karatun Alƙur'ani da wa'azi.

Ranar da ta ƙi kuwa, aiki ya tsaya cak, domin mawaƙin da ba ya jin kiɗa a kunnensa ba zai hau kan kiɗan ba, kuma ba a kunna masa sifika a ɗakin makirufo. Nan take sai ka ji hukunci iri biyu. Wani ya ce a yar da ita a sayo sabuwa, ai ba tsada gare ta ba. Wani ya ce a kai wa mai gyara, "ayisi ne ya ƙone." Dukkansu sun yanke hukunci ba su duba ba, kuma a ganina nan ne asarar take farawa. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, ciwon yana jikin waya. In ma nata ne, yawanci wani abu ne mai araha ya gaji. Amma akwai irin ciwon da in aka yi masa gyaran ganin ido, sai ya cinye hedfon da ya ninka na'urar kuɗi, ko ya taɓa kunnen mutum, wanda babu kasuwar da ake sayar da shi.

Me ake nema a wurinta?

Hedfon ba ya cin wuta mai yawa. Miliwat ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat, ya isa ya sa yawancin hedfon su yi ƙara sosai. Inda gizo ke saƙar shi ne ba duk hedfon ne ke karɓar wutar ta hanya ɗaya ba. Kowanne yana da nauyinsa da ake aunawa da om. Sony MDR-7506 om 63 ne, Audio-Technica ATH-M50x om 38, Sennheiser HD 600 om 300, shi kuwa Beyerdynamic DT 770 Pro ana yin sa kala uku: om 32, da 80, da 250. Kafin a tura miliwat ɗaya cikin om 32 ana buƙatar kimanin bolt 0.18, amma cikin om 250 sai rabin bolt. Mai om da yawa bolt yake nema, mai om kaɗan kuma kwararar wuta yake zuƙa.

Sanin wannan kaɗai ya warware ƙorafi da yawa. Mutum ya sayo hedfon mai om 250 ya soka a ƙaramar amfilifaya, ya murɗe bolum har ƙarshe ya ji sauti ƙasa-ƙasa, sai ya ce ta mutu. Ba ta mutu ba, an ɗora mata kayan da ba nata ba ne. Wani kuma ya sayi jak mai rassa ya rataya hedfon huɗu masu om 32 a kafa ɗaya. Na'urar tana ganin om 8 ke nan, nauyin sifika, kuma ba don sifika aka gina ta ba. Sauti zai dishe, ayisi, wato ƙwayar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, zai yi zafi, wata rana kuma ya ƙone da gaske.

A fara daga waje

Sauti kamar ruwan famfo ne: in bai zo ba, ba a fara fasa bango sai an bi bututu daga tanki zuwa kai an ga inda ya tsaya. Kafin a taɓa sukuru ko ɗaya, a ɗauki hedfon a soka a waya ko kwamfuta. In kunne ɗaya ya mutu a can ma, an gama, laifin hedfon ne, kuma galibi wayarsa ce ta karye daga ciki, daf da jak, inda ake yawan lanƙwasawa. In lafiya yake, a mayar da shi a gwada kafa ta biyu da ta uku. Kafa ɗaya ce ta ƙi, sauran suna aiki? To wutar na'urar da hanyar shigowar sauti lafiya suke, ciwon yana cikin wannan layi kaɗai. Duka kafofin ne suka rasa kunnen dama a lokaci ɗaya? A koma kan wayar da ta taso daga miksa.

A nan ya kamata a tsaya a kalli jak ɗin da kyau, domin rabin rigimar a jikinsa take. Jak na sitiriyo, babba mai milimita 6.35 ko ƙarami mai 3.5, zobe baƙi biyu gare shi, sun raba ƙarfen gida uku: tsinin na kunnen hagu, tsakiya na dama, gindin kuma ƙasa ce da kunnuwan biyu suke tarayya a kanta. Jak na mono, irin na jita, zobe ɗaya gare shi. In aka kawo sauti da wayar mono, kunnen dama zai yi shiru a kowace kafa. In aka soka jak na mono a kafar fita, abin ya fi muni, domin ya haɗa layin dama da ƙasa kai tsaye, na'urar tana ta turo wuta cikin gajeriyar hanya.

Akwai wata alama da ke rikita mutane ƙwarai: kiɗa yana fita, amma muryar mawaƙi ta ɓace ko ta koma kamar daga cikin rijiya, bes kuma ya tafi. Wannan kusan kullum layin ƙasa ne ya yanke. In ya yanke, abin da kunne ke ji shi ne bambancin hagu da dama, duk abin da aka ajiye a tsakiya kuwa, kamar murya, sai ya soke kansa. Haka ma yake faruwa in aka soka iyafis na waya mai zobe uku, wanda ke da makirufo, a kafar da ba tasa ba, ko in ɗan adaftan da ke mayar da ƙaramin jak babba bai zauna daidai ba. Wannan ɗan adafta shi ne abu mafi araha a situdiyo, kuma shi ya kamata a fara zargi.

Sai adaftar wuta. Ƙananan amfilifayoyi irin Behringer HA400, mai kafa huɗu, bolt 12 na DC suke sha daga adaftar waje. A situdiyo adaftoci sukan taru wuri ɗaya, bakinsu iri ɗaya, a ɗauki na wannan a soka wa wancan. Amma bakin da ya shiga ba shi ne shaida ba. Wasu adaftocin tsakiyarsu fositif ce, wasu negetif, kamar na fedal ɗin jita na Boss masu bolt 9. Wasu ma AC suke fitarwa, domin akwai amfilifayoyin da a cikinsu ake juya wutar. Alamar tana rubuce a jikin adafta da bayan na'ura, sai dai ba a karantawa. Haka kuma kayan gwanjo da suka fito daga Amurka: can wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Adaftar da aka rubuta mata 100 zuwa 240 ba ta da damuwa, wadda aka rubuta 120 kaɗai kuwa soka ta ɗaya ne. A auna adafta da mita tana haɗe da na'urar a kunne, domin wadda ta gaji takan nuna bolt daidai in babu kaya a kanta, da an ɗora sai ta zube.

Kowace ƙara da ma'anarta

In sauti yana zuwa amma da datti, kunne ya zama mita. Ƙugi mai kauri da ba ya canzawa, na hats 50, wato bugu 50 a daƙiƙa, daga layin wutar gari yake. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zare wayar da ke kawo sauti, a bar hedfon kaɗai. In ƙugin ya ɗauke, ba daga na'urar ba ne. Yawanci miksa da kwamfuta da amfilifaya ne aka soka a soket daban-daban, wuta ta sami hanyar zagaye ta layin ƙasa. A mayar da su kan ekstenshan ɗaya a ji. In laftof ce, a zare cajarta ta koma kan batir. In ƙarar ta tafi, an kama ɓarawo. Abin da ba zan taɓa ba da shawararsa ba shi ne karya ƙafar as ta fulogi, wato ta layin ƙasa, don a kashe ƙugi. Ƙugin yakan mutu, amma an cire abin da zai kare mai riƙe da makirufo ranar da wuta ta zubo jikin ƙarfe.

In kuwa an zare komai ƙugin yana nan, kuma ya fi kama da ziza, mai ɗan kaifi, to wataƙila hats 100 ne, ninkin na gari, alamar kondansar da ke tace wuta ta bushe, a cikin adafta ko cikin na'urar. Sai a lura da lokacin da ƙarar ke zuwa. In sai an koma kan janareta ko inbata take tasowa, wutar ce ba ta da tsabta. Inbatoci masu araha ba sa fitar da igiyar wuta mai santsi, tiransifoma kuma ba ta son haka. Wani "dit-dit-dirrr" da ke zuwa ya wuce, wayar salula ce a kusa, musamman in ta faɗa kan tsohon layin GSM, wanda ke aika saƙonsa da bugu kusan 217 a daƙiƙa. A matsar da wayar, shi ke nan.

Ƙaras-ƙaras da ke tashi in an murɗa bolum kuwa, wannan ciwon ƙasarmu ne. A cikin bolum akwai siririn layin kabon da wani ɗan harshen ƙarfe ke gogawa a kai. Ƙurar hunturu ba ta barin kowace kafa, in ta shiga ta zauna tsakanin harshen da layin sai sauti ya riƙa yankewa, har kunne ɗaya ya ɗauke a wani wuri ya dawo a wani. Feshin wanke kayan lantarki, a murɗa sau da yawa, yakan warkar da shi. Baƙin mai, ko man girki, ko feshin kwance tsatsa, ƙura suke ƙara tarawa. In layin kabon ya cinye, sai canji, kuma a nemo mai lamba ɗaya da tsohon: wanda aka rubuta A daban yake hawa da wanda aka rubuta B, in aka musanya sai ƙara ta taru a gefe ɗaya na murɗawa.

In an buɗe ciki

Ba kowace ba ce mai ita zai buɗe da kansa. Wadda ke shan bolt 12 daga adafta ba ta da haɗari ga hannu. Manya masu shiga rak, waɗanda wayar wutar gari ke shiga cikinsu kai tsaye, akwai kondansar da kan riƙe kusan bolt 325, kuma tana iya riƙe shi bayan an zare fulogi. Masu kwalba irin ta tsohuwar rediyo su ma ɗaruruwan bolt ne a cikinsu. Waɗannan na gwani ne.

Abu na farko da ake dubawa shi ne ƙafafun jak a bayan fanel. A ƙananan na'urori, dalma ce kaɗai ke riƙe da jak, kullum kuma ana soka ana zarewa, wani ya taka waya, wani ya miƙe da hedfon a kansa. Dalmar sai ta tsage zagaye da ƙafar, tsagar da sai an haska fitila za a gani. Alamarta ita ce sauti ya dawo in an danna jak gefe. Gyaranta minti biyar ne da ayan mai zafi, kuma shi ne gyaran da ya fi kowanne riba.

Na biyu kondansa. Akwai ruwa a cikinta, zafi kuma busar da shi yake yi. Ƙa'idar da masu ƙera ta ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarta biyu. Wadda aka rubuta mata awa 2,000 a digiri 85, in tana zaune a digiri 55 za ta yi kimanin awa 16,000. A Kano, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, kai wa 55 a cikin rufaffen akwati da ke ɗakin da aka toshe da katifar soso ba abin mamaki ba ne. Situdiyon da ke aiki awa goma a rana zai cinye wannan lissafi cikin shekara huɗu da ɗoriya. Kan kondansa in ya kumbura ko ya yi tsatsa an gane, amma takan mutu ba ta nuna ba. In za a canza, a sa mai digiri 105: a zafi ɗaya, ninki huɗu za ta yi.

Sai ayisi, wanda ake ɗora wa laifin kowa. Yakan ƙone, amma shi ne na ƙarshe a layin zargi, kuma canza shi yana da tarko. Ayisi masu ƙafa takwas irin 4558, da 4580, da NE5532, da TL072, da 4556 tsarin ƙafafunsu ɗaya ne, kowanne zai zauna a gurbin ɗan'uwansa har sauti ya fito. Ƙarfinsu ne ba ɗaya ba. NJM4556 an gina shi ya tura miliamfiya 70, shi ya sa masu ƙera amfilifayar hedfon ke son sa. TL072 kuwa gwani ne a cikin miksa, amma a ɗora masa hedfon mai om 32 sai ya shaƙe. Mai gyaran da ya ce "duk ɗaya ne" zai ba ka na'ura mai magana a shago, mai dishewa a situdiyo. Ga kuma jabu, waɗanda aka goge lambarsu aka buga wata.

Akwai awo ɗaya da nake ganin wajibi ne, ko an yi gyara ko ba a yi ba: a sa mita a kan DC, a auna kafar fita babu sauti, tsakanin tsini da gindi, sannan tsakiya da gindi. Lafiyayyar na'ura milibolt kaɗan za ta nuna. In aka ga ɗaruruwan milibolt, ko bolt sukutum, kada a soka hedfon. Zaren da ke cikin hedfon ya fi gashi siranta. Bolt 12 a kan om 32 ya kai wat 4.5 in na'urar ta iya bayarwa, alhali ko MDR-7506 wat 1 ne iyakarsa. Ƙarar "fas" mai ƙarfi lokacin kunnawa ko soka jak gargaɗi ne na wannan ciwo.

To, a gyara ko a saya?

An saba cewa in kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin sabuwa, a sayi sabuwa. A Turai da Amurka, inda ladan awa ɗaya na mai gyara ya fi kuɗin ƙaramar amfilifaya, lissafin ya zauna. A nan ya juye. Sabuwa da dala ake shigo da ita, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 cikin 2024. Hannun mai gyara a Sabon Gari kuwa bai tashi haka ba. Al'adar gyaran da muke da ita ma wasu nema suke yi: Faransa ta fara tilasta liƙa makin sauƙin gyara a jikin wasu kayan lantarki a 2021, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar 'yancin gyara a 2024, bayan duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022 kaɗai. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka in ciwon na waya ne, ko adafta, ko jak, ko bolum, ko kondansa, a gyara, babu dogon tunani. In na'urar babba ce mai jikin ƙarfe, mai kafa takwas, wadda sassanta ke da ƙafafu masu ratsa fanel kuma lambobinsu suna karantuwa, ta cancanci ko da gyara mai tsada, domin irinta a yau kuɗi ne mai yawa.

Amma akwai inda nake cewa a haƙura. In wuta mai ƙarfi ta shiga, ko tsawa, ko an soka adaftar da ba tata ba har fanel ya yi baƙi, ba sashi ɗaya ne ya ji ciwo ba. Za a canza wanda ya mutu yau, raunanan su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Fanel da ya ƙone ya zama gawayi, gawayi kuma yana ɗaukar wuta. Haka 'yan ƙananan da ake soka wa waya ta USB, waɗanda suka yawaita tun da Apple ya cire kafar hedfon daga iPhone 7 a 2016: ƙwaya ɗaya ce a ciki, an lulluɓe ta da gam, babu abin kamawa. Haka wadda aka goge lambobin ayisinta tun daga masana'anta. Sannan duk wadda ta taɓa zubo DC a kafar fita, aka gyara, ta sake, ni dai ba zan ƙara sa ta a kan mutum ba. Ƙaramar amfilifaya mai kafa huɗu ba ta kai dala 50 ba a kasuwannin waje, DT 770 ɗaya kuwa ya haura 100, ga su huɗu a rataye a jikinta.

Akwai kuma lissafin lokaci. Situdiyon da ke da mawaƙa a layi ba zai jira sati biyu a nemo sashi daga kasuwar Alaba ba. Mai irin wannan aiki gara ya sayi sabuwa yau, ya kai tsohuwar gyara a tsanake, ta zama ta ajiya. Wani lokaci ma na'urar ba ta lalace ba, aikin ne ya girme ta: an ƙara 'yan amshi, ko kowa yana son a haɗa masa nasa sautin daban. Wannan ba aikin mai gyara ba ne.

Wurin zaɓen mai gyara, a kalli teburinsa. Wanda ya ɗauko mita kafin ya ɗauko ayan, ya tambayi yadda abin ya fara, ya ce a kawo masa har da adaftar, ya kuma miƙo maka sashin da ya cire, wannan ya san aikinsa, kuma kuɗin dubawar da ya nema halaliyarsa ne ko da ya ce ba ta gyaruwa. Ranar karɓa a je da iyafis mai araha, shi za a fara sokawa bayan an auna DC, bolum a ƙasa, a saurari kowace kafa hagu da dama, a bar ta a kunne rabin awa a taɓa a ji ko ta yi zafi. Sabuwa ma haka za a yi mata a gaban mai shago. In an dawo situdiyo a ɗaure wayoyin hedfon a ƙafar tebur don kada nauyinsu ya koma kan jak, a rubuta sunan na'urar a jikin adaftarta da farin salatif, a ɗaga ta daga ƙasa inda ƙura ke kwanciya. Wadda aka haƙura da ita kuwa a bar wa mai gyaran, jak huɗu da bolum huɗu da ke jikinta za su tayar da wata.